Kula da zakaru a kiwon kajin gida

Kula da zakaru a kiwon kajin gida shi ne tsarin da mai kiwo yake bi wajen daidaita yawan zakaru da yawan kaji mata, da zaɓen zakaran da za a bari don iri, da kuma shawo kan zakaran da ya cika faɗa da 'yan uwansa ko yake kai wa mutane hari. Matsalar tana tasowa a duk gidan da ake barin kaji su ƙyanƙyashe ƙwansu, domin kusan rabin 'yan tsakin da ake samu maza ne, alhali zakara ɗaya yana wadatar da kaji mata kimanin goma. Idan rarar mazan suka balaga a wuri ɗaya, faɗa yana ƙaruwa, kaji mata suna jin rauni, ƙwai yana raguwa, abinci yana tafiya ba tare da riba ba, wani lokaci kuma har ƙananan yara suna samun rauni. Saboda haka masana kiwon kaji suna ɗaukar faɗan zakaru da yawansu a matsayin matsala guda, wadda maganinta ya fi sauƙi idan an yanke shawara kafin zakarun su balaga.

Asalin halin zakara

Kazar gida, wadda sunanta na kimiyya shi ne Gallus gallus domesticus, ta samo asali ne daga jar kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya. A daji waɗannan tsuntsaye suna rayuwa ne cikin ƙananan rukunoni, inda babban zakara ɗaya yake tare da 'yan kaji mata kaɗan, yana tsare yankinsa daga sauran zakaru. Ƙananan zakaru kan zauna a gefen rukunin ko su yi yawo tare har sai ɗayansu ya sami ƙarfin ƙwace wuri. Zakaran gida ya gaji wannan hali, sai dai katanga da akurki suna hana wanda aka fi ƙarfi ya gudu ya yi nisa kamar yadda zai yi a daji.

Halin faɗa yana da alaƙa da sinadarin testosteron da marainan zakara suke samarwa. Yawancin zakaru suna balaga tsakanin wata huɗu zuwa shida, a lokacin ne suke fara cara sosai, zankonsu yana girma ya yi ja, kuma sukan fara bin kaji mata. Wannan shi ne lokacin da faɗa ya fi tsanani, kuma shi ne dalilin da ya sa zakaran da ya tashi cikin laushin hali yake iya canjawa cikin 'yan makonni. Yawancinsu sukan ɗan natsu bayan sun haura shekara ɗaya, amma ba duka ba.

Babban makamin zakara shi ne tsini mai kama da ƙaya da ke fitowa a bayan ƙafarsa, sama da yatsu. Wannan ƙayar ƙafa tana da ƙashi a ciki, an lulluɓe ta da sinadarin keratin, irin wanda farce da ƙaho suke da shi, kuma tana ci gaba da tsawo muddin zakaran yana raye. Baki da farce da dukan fiffike su ne sauran makamansa.

Zakara yana da amfani a garke bayan barbara. Idan ya sami abinci yakan yi wani ɗan kuka a jere yana ɗaga ƙwayar yana yarwa don ya kira kaji mata. Yana kuma sa ido a kan abokan gaba, kuma bincike ya nuna cewa kukan gargaɗin da yake yi idan ya hango shaho ko shirwa a sama ya bambanta da wanda yake yi idan haɗarin a ƙasa yake, kamar muzuru ko kare. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, amma ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba.

Tsarin fifiko a cikin garke

Masanin dabbobi ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ne ya fara bayyana tsarin fifiko na kaji a rubuce a farkon shekarun 1920. Ya lura cewa kowace kaza ta san wadda za ta iya sara da wadda za ta kauce wa. Zakaru suna da nasu jerin daban da na mata, kuma babban zakara shi ne yake fara cin abinci, ya zaɓi wurin kwana mafi tsawo, ya kuma fi kowa barbara.

Tsarin yana bayyana har a wajen cara. Masu bincike biyu na Jami'ar Nagoya a Japan, Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura, sun nuna a shekarar 2013 cewa carar asuba tana bin agogon da ke cikin jikin zakara ne, ba ganin haske kaɗai ba. A shekarar 2015 kuma suka nuna cewa babban zakara ne yake fara cara, sauran su biyo baya bisa matsayinsu, kuma idan aka cire shi, na biyu ne yake karɓar aikin. Wani binciken da Tommaso Pizzari da Tim Birkhead suka wallafa a shekarar 2000 ya gano cewa kaza tana iya fitar da maniyyin ƙaramin zakara bayan barbara, ta riƙe na babba. Wannan yana nuna cewa tara zakaru da yawa ba lalle ne ya ƙara yawan ƙwan da zai ƙyanƙyashe ba.

Da zarar tsarin ya zauna, faɗa yakan ragu ya koma tsoratarwa da ɗan bi da gudu. Yana sake ɓarkewa ne idan an shigo da baƙon zakara, ko babban ya tsufa ko ya yi rashin lafiya, ko kuma samari da yawa sun balaga a lokaci guda.

Dalilin da ya sa zakaru suke yin yawa

A wajen kaji, uwa ce take ƙayyade jinsin ɗan tsako. Zakara yana da ƙwayoyin gado na jinsi iri ɗaya guda biyu, waɗanda ake kira ZZ, kaza kuma tana da ZW. Ƙwan da ya ɗauki Z daga uwa yana zama namiji, wanda ya ɗauki W yana zama mace, don haka a kan samu kusan rabi da rabi. Siffar ƙwai, ko doguwa ce ko zagayayya, ba ta zama amintacciyar hanyar sanin jinsin abin da ke ciki ba, duk da cewa ana yawan faɗin haka a ƙasashe da dama.

Misali, idan kaji uku suka kwanta a kan ƙwai na tsawon kwana 21, kowacce ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma, gidan zai sami 'yan tsaki 30, kuma kimanin 15 daga cikinsu maza ne. Idan duka suka rayu, sagaru 15 da iyayensu uku ba sa bukatar fiye da zakaru biyu. Sauran 13 rara ne. Ana kuma samun rarar daga sayen 'yan tsaki da ba a tantance jinsinsu ba, da kyautar zakara daga dangi, da jinkirin yanka saboda jiran wani biki ko hauhawar farashi.

Adadin da ya dace

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce zakara ɗaya ga kaji mata 8 zuwa 12. Nau'o'i marasa nauyi masu kuzari, irin su Leghorn, zakaransu yana iya ɗaukar 12 ko fiye, manyan nau'o'i masu nauyi kamar Brahma kuma ana rage musu adadin. Saurayin zakara yana iya ɗaukar kaji fiye da tsoho. Idan kaji matan sun yi kaɗan, zakara yana gajiyar da su, idan kuma sun yi yawa, wasu ƙwai sukan zama marasa ɗa. Kaza tana iya ajiye maniyyi a jikinta, ta ci gaba da yin ƙwai mai ƙyanƙyasuwa har kimanin mako biyu bayan barbara ɗaya, wani lokaci ma fiye da haka.

Faɗin wuri yana canja lissafin. Kajin da ake saki su yi kiwo a fili suna iya jure zakaru biyu ko uku, domin kowanne yakan ja nasa rukunin zuwa wani ɓangare. A cikin keji kuwa, zakaru biyu ma suna iya yin yawa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kowace babbar kaza ta sami kimanin murabba'in mita 0.4 a cikin akurki, da kimanin murabba'in mita ɗaya a filin da aka killace a waje. A ƙauyuka da unguwannin da kajin maƙwabta suke cuɗanya, ana lissafawa har da zakarun maƙwabta, domin gida mai kaji biyar zai iya samun 'yan tsaki ko bai ajiye zakara ba.

Illolin yawan zakaru

Kaji mata ne suke fara shan wahala. Lokacin barbara zakara yana kama gashin ƙeyar kaza da baki, ya taka bayanta da ƙafafu. Idan abin ya yi yawa, gashin baya da na ƙeya yana tsigewa, fata ta fito fili, farce da ƙayar ƙafa kuma su yage ta a gefen jiki, ƙarƙashin fiffike, inda ba a saurin gani. Raunin yana jawo ƙudaje da ƙwayoyin cuta, sauran kaji kuma suna sarar wurin da suka ga jini. Kazar da ake yawan bi takan ƙi saukowa daga wurin kwana, ta rage cin abinci da shan ruwa, ƙwanta ya ragu. Samarin zakaru kan taru su danne kaza ɗaya, abin da yake iya kashe ta, musamman a lokacin zafi.

Su ma zakarun suna jin rauni a zanko da fuska da ido. Wanda aka fi ƙarfi yakan rame saboda ana korar sa daga wurin abinci. Bayan haka, zakaru da yawa suna katse wa juna barbara, don haka yawan ƙwan da ke da ɗa yana iya raguwa maimakon ya ƙaru.

Akwai kuma asarar abinci. Babban zakara da aka killace yana cin kimanin giram 100 zuwa 130 a rana. Rarar zakaru biyar suna iya cinye kilo 15 zuwa kusan 20 a wata ɗaya, kuma bayan sun gama girma nauyinsu ba ya ƙaruwa sosai, namansu kuma yana ƙara tauri.

Harin zakara a kan mutane

Zakara yana kai wa mutum hari ne idan ya ɗauke shi a matsayin abokin hamayya ko barazana ga kajinsa. Gado yana da tasiri a nan. Nau'o'in da aka daɗe ana kiwo don faɗa, kamar Asil na yankin Indiya, da Shamo na Japan, da Old English Game na Ingila, sun fi zafi a kan sauran zakaru, duk da cewa wasunsu ba sa damun mutane. Brahma da Orpington da Cochin an san su da sanyin hali. Duk da haka, a kowane nau'i ana samun mai zafi da mai sanyi. Tsokanar yara, da bin kaji da gudu, da kama kaza tana kuka a gabansa suna ƙara tunzura shi. Masu kiwo da yawa sun lura cewa zakaran da aka saba ɗauka ana wasa da shi tun yana ɗan tsako yakan rasa tsoron mutane, kuma idan ya balaga shi ne ya fi saurin kai hari.

Kafin hari, zakara yakan nuna alamu. Yana sunkuyar da kai yana kallon mutum da gefen ido, ya tayar da gashin wuyansa, ya sauke fiffike ɗaya yana tafiya a karkace, ko ya riƙa yi kamar yana tsintar abinci alhali yana matsowa. Yawanci yana tasowa ne daga baya, lokacin da mutum ya juya.

Haɗarin ya fi yawa ga ƙananan yara, domin fuskarsu da idanunsu suna daidai tsayin da zakara yake tsalle. Tsofaffi ma suna cikin haɗari. A shekarar 2019 wata mujallar binciken gawa ta wallafa rahoton wata tsohuwa a Ostireliya da ta rasu sakamakon zubar jini, bayan zakaranta ya sare ta a kan kumburarriyar jijiyar jini a ƙafa lokacin da take tattara ƙwai. Hudar ƙayar ƙafa ƙarama ce a ido amma tana da zurfi, kuma tana shigar da datti. Ana wanke ta nan da nan da ruwa mai tsabta da sabulu, a kuma je asibiti idan ta yi zurfi, ko ta kumbura, ko tana kusa da ido ko gaɓa, ko kuma mutumin bai yi rigakafin tetanus ba.

Hanyoyin magance matsalar

Gane maza da wuri. Tun daga mako shida zuwa takwas, zankon namiji yakan fi girma da ja, ƙafafunsa su fi kauri. Daga wata uku zuwa huɗu gashin wuyansa da na ƙugunsa suna fitowa dogaye masu tsini da sheƙi, na mace kuma gajeru ne masu zagayayyen baki. A wasu kajin ƙwai na gona, kamar ISA Brown, ana gane jinsi tun ranar ƙyanƙyasa, domin mata jajaye ne, maza kuma farare. A kamfanonin ƙyanƙyasa ana amfani da duban dubura, dabarar da aka ƙirƙiro a Japan a shekarun 1920, wadda take bukatar horo na musamman.

Zaɓen wanda za a bari. Ana duba lafiya, da girman jiki, da miƙaƙƙun ƙafafu, da haske a ido, da yadda yake kiran kaji zuwa abinci, da kuma yadda yake kauce wa mutane ba tare da firgici ko hari ba. Ba a barin zakara mai kai hari ya yi iri, domin 'ya'yansa suna iya gadon halin. Wani kuskure da aka saba yi a kiwon gargajiya shi ne sayar da manyan zakaru saboda sun fi kuɗi, a bar ƙanana su yi barbara, abin da yake rage girman kajin gidan a hankali. Ana kuma canja zakaran iri duk bayan shekara ɗaya ko biyu, ko a yi musaya da wani gida mai nisa, don kada ya riƙa barbarar 'ya'yansa da jikokinsa.

Raba maza. Ana iya tara rarar zakaru a keji nasu daban, inda ba sa ganin kaji mata. Idan babu matan da za a yi takara a kansu, zakarun da suka tashi tare sukan zauna lafiya bayan sun daidaita matsayinsu. Ana raba su ne kafin su balaga, a ba su wuri mai faɗi. Abincin kaji masu ƙwai bai dace da wannan keji ba, domin yana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa wanda aka tanada don ɓawon ƙwai, kuma yana iya wahalar da ƙodar tsuntsun da ba ya yin ƙwai. Abincin masu tasowa, ko dusa da tsaki da aka haɗa da abin gina jiki, ya fi dacewa.

Gyaran wuri. Ajiye mazubin abinci da na ruwa fiye da ɗaya, nesa da juna, yana hana babban zakara mamaye su. Shingen zana, da tsibin itace, da sandunan hawa masu tsayi daban-daban suna ba wanda aka kora wurin ɓuya. Kusurwa marar mafita ita ce inda aka fi samun mummunan rauni. Kazar da bayanta ya tsige ana ware ta har gashin ya fito, ko a ɗaura mata wani ɗan ƙyalle mai kauri da ke rufe baya, wanda ake saƙalawa a fuka-fukai. Wasu masu kiwo suna killace zakara su riƙa sakin sa cikin kaji kwana biyu ko uku kawai a mako, kuma hakan ya isa ƙwai ya ƙyanƙyashe.

Rage ƙayar ƙafa. Ana goge tsinin da magogin ƙarfe ko a datse ƙarshensa kaɗan. Ba a yankewa kusa da tushe, domin akwai ƙashi da jijiyar jini a ciki. Wannan yana rage girman rauni amma ba ya canja hali.

Mu'amala da zakara mai zafi. Mai kiwo yana shiga da dogon wando da takalmi rufaffe, ya riƙe faifai ko murfin bokiti a matsayin garkuwa, ya yi tafiya a natse, kada ya gudu kuma kada ya juya masa baya. Wasu sukan kama shi su riƙe a hammata na 'yan mintoci, ko su danne shi a hankali a ƙasa har ya natsu. Wannan dabara tana aiki a kan wasu zakaru, amma sau da yawa zakaran yana daina kai hari ne ga mutumin da ya yi masa hakan kawai, ya ci gaba da bin sauran mutanen gidan. Duka da shuri suna karya masa ƙashi ko su ƙara masa zafi, domin yana ɗaukar su a matsayin faɗan da aka amsa masa. A gidan da akwai ƙananan yara, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a rabu da zakaran da ya maimaita hari.

Fiɗiya. Marainan zakara a cikin jikinsa suke, kusa da ƙoda, don haka cire su aikin tiyata ne da ake yi tun yana ɗan makonni. Zakaran da aka fiɗiye ba ya faɗa sosai, yana ƙiba, namansa yana da taushi. A Faransa irin wannan zakara na yankin Bresse ya shahara a abincin Kirsimeti. Aikin yana da zafi da haɗarin mutuwa a hannun wanda bai iya ba, kuma wasu ƙasashe, ciki har da Birtaniya, sun hana shi.

Yanka ko sayarwa. Wannan ita ce hanya mafi daɗewa kuma mafi yaɗuwa. Zakarun gida sukan kai girman yanka a wata huɗu zuwa shida, daidai lokacin da faɗa yake farawa. Naman tsohon zakara yana bukatar doguwar dahuwa, shi ya sa ya dace da farfesu da miya, kamar yadda Faransawa suke da wani sanannen girki na tsohon zakara mai suna coq au vin. Idan za a ba wani zakara mai kai hari, ana sanar da shi halinsa. Sakin zakara a daji ko bakin hanya ba mafita ba ce, domin yunwa ko namun daji ne suke kashe shi.

Shigo da sabon zakara

Ana killace sabon zakara shi kaɗai na mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da sauran, domin tsuntsayen da aka sayo a kasuwa suna daga cikin manyan hanyoyin shigar cutar Newcastle da ƙwarƙwata cikin garke. A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar rigakafin wannan cuta. Bayan killacewa, ana ajiye shi a keji ko ƙarƙashin kwando inda sauran za su gan shi ba tare da sun taɓa shi ba na wasu kwanaki. Haɗa manyan zakaru biyu da ba su san juna ba a ƙaramin wuri yakan ƙare da mummunan rauni, don haka ya fi sauƙi a cire tsohon kafin a saki sabon.

Cara, maƙwabta da doka

Zakara ba da asuba kaɗai yake cara ba. Yana yi a kowane lokaci na yini, kuma carar ɗaya tana tayar da sauran, don haka rage yawansu yana rage hayaniya sosai. Rufe shi a akurki mai duhu har gari ya waye yana rage ƙarar da ke isa ga maƙwabta. Ana sayar da wani abin wuya da ke rage ƙarfin cara, amma idan ya matse yana iya shaƙe tsuntsun. Birane da yawa a Amurka suna yarda a ajiye kaji mata kaɗan a bayan gida amma suna hana zakara, abin da yake barin masu kiwo da matsalar inda za su kai mazan da suka ƙyanƙyashe. A Faransa, wata kotu a Rochefort ta yanke hukunci a watan Satumba na 2019 cewa wani zakara mai suna Maurice na tsibirin Oléron zai ci gaba da cararsa bayan maƙwabta sun kai ƙara, kuma a watan Janairu na 2021 ƙasar ta kafa dokar kare sautuka da ƙamshin karkara.

Haɗa zakaru faɗa don caca ko nishaɗi haramun ne a dokokin ƙasashe da yawa. An hana shi a Ingila da Wales tun 1835, kuma Louisiana ce jihar Amurka ta ƙarshe da ta hana shi, a shekarar 2008. A Filifin kuwa doka ta yarda da shi a wurare masu lasisi.

A manyan gonaki

Rarar maza ta fi girma a masana'antar ƙwai, inda mazan kajin ƙwai ba sa yin ƙwai kuma ba sa girma da sauri kamar kajin nama. A duniya ana kashe biliyoyin irin waɗannan 'yan tsaki kowace shekara a ranar ƙyanƙyasa. Jamus ta hana hakan daga 1 ga Janairu, 2022, Faransa ma ta bi sahu, kuma kamfanoni sun koma ga na'urorin da ke gane jinsi tun ɗan tsako yana cikin ƙwai. A Najeriya ana sayar da waɗannan maza da araha ga ƙananan masu kiwo, su yi renon su na wasu watanni don kasuwar Sallah da Kirsimeti. Nau'o'in da ake kiwo don ƙwai da nama a lokaci guda, irin su Noiler da FUNAAB Alpha a Najeriya da Kuroiler na Indiya, suna rage matsalar domin mazansu suna da nauyin da ke biyan kuɗin abincinsu.

A addini da al'ada

A Musulunci zakara yana da daraja. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke umartar mutum ya roƙi falalar Allah idan ya ji carar zakara, Abu Dawud kuma ya ruwaito hani a kan zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla. An kuma ruwaito hani a kan haɗa dabbobi faɗa, da umarnin wasa wuƙa da sauƙaƙa wa dabba lokacin yanka. Jumhurin malamai ba sa ɗaukar kaza ko zakara a matsayin abin layya.

A ƙasar Hausa kiwon kaji galibi yana hannun mata da yara, kuma rarar zakaru tana zama ajiya da ake sayarwa a ranar kasuwa idan bukata ta taso, ko a yanka wa baƙo, ko a kai kyauta. Wannan al'ada ita kanta hanya ce ta daidaita garke, domin zakaru ake fara fitarwa a bar mata su yi ƙwai. Hausawa suna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta, suna kuma kiran gwarzon mutum zakaran gwajin dafi. Wani karin maganar yana cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, wanda yake nuni da irin haɗarin da ɗan tsako yake tsallakewa kafin ya girma.

Duba kuma

Kaza
Kiwon kaji
Cutar Newcastle
Zabo